Rana Da Wata Suna Matsawa, Mahaliccinsu Ba Ya Sākewa

Yau za mu ɗaga ido mu dubi sararin sama.

Idan muka dubi wata, sai mu ga kamar nisansa da mu ɗaya ne kullum. Amma ba haka ba ne. Hanyar da yake bi yana kewaya duniya ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta fi kama da ƙwai. Shi ya sa cikin kowane wata yakan matso kusa da mu har kimanin kilomita 363,000, ya kuma ja baya har kimanin kilomita 405,000.

Akwai kuma wani canji wanda ba ya dawowa. A shekarar 1969 'yan sama jannatin Amurka na Apollo 11 sun ajiye madubi a kan wata. Masana suna harba haske daga ƙasa, ya bugi madubin ya dawo, su auna lokacin da ya ɗauka. Da haka aka gane cewa wata yana nisa da mu da kimanin santimita 3.8 kowace shekara, kusan kamar yadda farce yake tsiro. Dalili shi ne, wata yana jan ruwan teku, wannan ja-in-ja tana rage saurin juyawar duniya, tana kuma tura wata gaba kaɗan kaɗan.

Sauran duniyoyi ma haka suke. A watan Agusta na 2003 duniyar Mas ta zo kusa da mu har kimanin kilomita miliyan 56, amma wani lokaci tsakaninmu da ita yakan kai miliyan 400.

To, rana fa? A farkon Janairu muka fi kusa da ita, kimanin kilomita miliyan 147. A farkon Yuli kuwa sai nisan ya kai miliyan 152. Ku lura, 'yan'uwa, a Janairu ne hunturu yake sa mu rawar ɗari! Karkatar duniya ce take kawo sauyin lokatai, ba nisan rana ba.

A nan akwai darasi dominmu. Wataƙila kana jin mu yanzu cikin ciwo, ko rashin aiki, ko makoki, zuciyarka ta yi sanyi har kana cewa Allah ya yi nisa. Jin sanyi ba shi ne ma'aunin nisa ba. Zabura 102 ta koya mana cewa sammai ma za su tsufa, amma wanda ya yi su yana nan yadda yake. Yakubu 1:17 kuma ta tabbatar mana cewa babu sākewa a wurin Uban da ya halicci haskoki.

Saboda haka kada mu fasa addu'a a lokacin sanyin zuciya. Ka buɗe waɗannan ayoyi yau da dare, ka karanta su tare da iyalinka.

Ubangiji ya albarkace ku. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba.