Ɗan Wani a Gidanka

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, aya 8 zuwa 10. A can muka ga wata mace mai arziki a Shunem wadda takan ciyar da annabi Elisha in ya bi ta garinsu. Sai ta yi shawara da mijinta, suka gina masa ɗan ɗaki a bisa soro, suka sa gado da tebur da kujera da fitila.

Abin da ya tuna mini da wannan mace shi ne musayar ɗalibai tsakanin ƙasashe. Ƙungiyar AFS ta soma kawo ɗaliban sakandare Amurka a 1947. A 2002 kuma, bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin YES domin yara daga ƙasashen da ke da Musulmi da yawa. Yara daga Nijeriya da Ghana sun tafi ta wannan hanya, suka yi shekarar karatu guda a gidajen mutanen da ba a biya su kuɗin riƙo ba. Mu ma a nan mukan sauki 'ya'yan wasu: ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki, ko mai bautar ƙasa, ko yaron ƙauye da ya zo karatu birni. To, wane irin gida ne ya isa ya riƙe ɗan wani?

Ku lura, matar ba ta yi gaban kanta ba, sai da mijinta ya yarda. In maigida ya ce a kawo baƙo, uwargida da yara ba su so, baƙon ne zai sha wuya.

Na fari, gado. Yaro mai shekara 15 ko 16 da ya bar uwarsa yana bukatar wurin da zai kwanta ba fargaba, har ya yi kukan kewar gida in ya taso masa. Amana ce aka ba ka. Kada wani a gidan ya ci zalinsa ko ya lalata shi.

Na biyu, tebur. Ya ci abin da 'ya'yanka ke ci, tare da su. Ya yi shara da wanke-wanke daidai da su, kada ya fi su. Wanda ya karɓi ɗan wani domin ya sami mai ɗebo ruwa, bara ya ɗauka. In kuma akwai abincin da addininsa ya hana shi, kada ka sa masa a kwano.

Na uku, kujera. Zauna ka saurare shi. Harshenku baƙo ne a bakinsa, al'adarku ma haka. In ya yi kuskure, kada a yi masa dariya. Faɗa masa dokokin gida tun ranar farko, kada ka jira sai ya karya su. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na huɗu, fitila. Karatu ya kawo shi, a ba shi haske da lokaci. Akwai kuma fitilar halinka. In Musulmi ne, nuna masa wurin da zai yi salla, ka tashe shi sahur in azumi ya zo. Kana iya gayyatarsa sujada, amma kada ka tilasta masa, kada kuwa tuwonka ya zama tarko. Yadda kake magana da matarka da 'ya'yanka, shi ne wa'azin da zai koma da shi gida.

Ɗan'uwa, baƙo raɓa ne, gobe zai tafi. Me zai gaya wa uwarsa a kanka?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe zukatanmu kafin mu buɗe ƙofofinmu. Ka kiyaye 'ya'yanmu da ke hannun wasu, ka sa mu riƙe na wasu da aminci. Cikin sunan Yesu. Amin.