Jawabi ga Sababbin Ɗaliban Ilmin Kwamfuta

Jama'a, duk ɗalibin da ya fara karatun kwamfuta a jami'o'in Abuja zai gamu da hanyar tsara manhaja wadda Dahl da Nygaard suka ƙago a ƙasar Norway cikin harshen Simula na 1967. Harshen Java na 1995 ma ita ya bi.

Misalinta mai buga bulo ne: abin bugawa ɗaya, bulo dubu. Ɗalibi zai tsara siffar ma'aikaci sau ɗaya, da suna da mataki da ƙa'idar lissafin albashi, sa'an nan a fitar da kowane ma'aikaci daga cikinta. In siffar ta karkace, albashin dubbai ya karkace.

Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya rubuta, ya gwada, ya gyara kullum. Hadda kaɗai ba ta wadatarwa.