Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai: Kada a Gangara a Firi



Wata damina na ɗauko iyalina daga Magami za mu Gusau. A wata gangara na sa mota a firi, wai ina tsimin mai. Sai ga shanu sun tsallako hanya. Na danne birki, tayoyi suka zame a laka. Da ƙyar muka sha.

Tun ran nan na kiyaye: in za ka gangara, sauko giya ta biyu, inji ya riƙe motar. Ɗauke ƙafa daga kuloci sai lokacin canjin giya. In ka tsaya a hawa, tashi da birkin hannu.

Man da ka rage bai kai ran ɗanka ba. Allah Ya kiyaye hanya.