GARDAMAR KYAFTIN

 

Yau za mu yi magana a kan wata gardama da ta tashi a Nijeriya cikin shekarar 2015. Gardamar ta ƙwallon ƙafa ce. Watakila wani dattijo a cikinmu ya ce, "Ina ruwanmu da tamaula, wasan yara?" To, a yi haƙuri a saurara. A baki maganar ƙwallo ce, amma a cikinta maganar shugabanci ce, watau yadda ake sauke babba a ɗora ƙarami. Wannan kuwa babu garin da bai shafa ba.

Mene ne kyaftin?

Mun sani mutum 11 ne ke shiga fili a kowane gefe. Akwai mai koyar da su, shi ne ake kira koci. Shi ke zaɓen waɗanda za su buga, shi ke shirya dabara, amma ba ya shiga fili. Saboda haka yakan zaɓi ɗaya daga cikin 'yan wasa ya zama shugabansu. Wannan shi ne kyaftin. Ana gane shi da wani ƙyalle da yake ɗaurawa a damtse. Shi ke wucewa gaba in za a shiga fili. Shi ke tsayawa wurin jefa kwabo don zaɓen gefe. In rai ya ɓaci, shi ke lallashin 'yan'uwansa. In an ci kofi, shi ke ɗagawa. Kamar madugu yake a cikin ayari: ba lalle ya fi kowa dukiya ba, amma in ya ce a sauka, sai a sauka.

Mutanen da maganar ta shafa

Mutum uku ne. Na farko Sunday Oliseh, mutumin jihar Delta. A zamaninsa gwani ne ƙwarai. Yana cikin waɗanda suka ci wa Nijeriya Kofin Afirka a 1994, da lambar zinariya a wasannin Olamfik a Amurka a 1996. Shi ne ya jefa ƙwallon nan mai zafi daga nesa a ragar Sifen a 1998, aka tashi 3 da 2. A watan Yuli na 2015 aka naɗa shi kocin ƙungiyar ƙasa, wadda ake kira Super Eagles.

Na biyu Vincent Enyeama, mai tsaron gida, mutumin jihar Akwa Ibom. Tun 2002 yake tsare wa ƙasa raga. Ya ci kofin zakarun kulob na Afirka sau biyu tare da Enyimba ta Aba, a 2003 da 2004. Yana cikin waɗanda suka ci Kofin Afirka a 2013. Ya buga wa ƙasa wasa 101. A lokacin nan shekarunsa 33, yana wasa a Lille ta Faransa, kuma shi ne kyaftin.

Na uku Ahmed Musa, haifaffen Jos. Ya yi suna a Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya. Daga nan ya tafi Holan, sa'an nan CSKA ta Mosko a Rasha. A gasar Kofin Duniya ta 2014 ya ci Ajantina ƙwallo biyu a wasa ɗaya. Lokacin da gardamar ta tashi bai cika shekara 23 ba.

Abin da ya faru

Jim kaɗan bayan naɗa Oliseh, mahaifiyar Enyeama ta rasu. Saboda haka bai je wasan da aka yi da Tanzaniya a watan Satumba ba, Musa ne ya ɗaura ƙyallen a ranar. A watan Oktoba 'yan wasa suka taru a ƙasar Beljiyam don wasan sada zumunci. Enyeama ya iso bayan sauran, daga wurin jana'iza. Da ya iso sai ya tarar koci ya bar wa Musa shugabanci gaba ɗaya. Aka yi sa-in-sa tsakaninsa da koci a masauki. Enyeama ya bar wurin, ya ce ya daina buga wa ƙasa wasa. Bai kuwa sāke bugawa ba.

Kafin gari ya waye labari ya game ƙasa. Kowanensu ya faɗi nasa a rediyo da jaridu, kuma labarin wannan bai yi daidai da na wancan ba.

Yadda 'yan kallo suka rabu

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo a kwanakin nan ya ji abin da kunnensa. Mu kasa masu gardamar kashi uku.

Kashi na farko suka ce koci ya yi daidai. Hujjarsu ita ce, in an ba mutum aiki, sai a bar shi ya zaɓi abokin aikinsa. In an sha kashi, ai koci za a kora, ba 'yan kallo ba. Suka ƙara da cewa Enyeama ya kusa ajiye wasa, Musa kuwa yaro ne, za a daɗe ana cin moriyarsa. Kuma mai tsaron gida yana can baya a bakin raga, ba ya jin abin da ke gudana a tsakiyar fili.

Kashi na biyu suka ce an ci mutuncin babba. Mutumin da ya yi shekara 13 yana yi wa ƙasa hidima, ya dawo daga binne uwarsa, ko ruwan ta'aziyya bai gama sha ba, sai a ce masa ya miƙa wa ƙanen bayansa? A cikinsu akwai masu cewa in ma sauyin ya zama dole, ai ga John Mikel Obi, shi ma haifaffen Jos, ya girmi Musa, ya kuma ci kofin zakarun Turai tare da Chelsea a 2012.

Kashi na uku ba su tsaya a kan kyaftin ba, sai suka juya kan kocin kansa. Suka ce, "Shin shi wannan, wane kulob ya taɓa riƙewa?" Aka duba, aka ga kafin a naɗa shi, ya koyar a ƙaramin kulob, a garin Verviers na Beljiyam, a rukuni na uku. Yana da takardar koyarwa mai daraja ta Turai, yakan kuma yi sharhin wasa a talabijin. Suka ce ai faɗa da baki daban, riƙe mutane daban.

Akwai kuma waɗanda suka so su mai da abin maganar Arewa da Kudu. Waɗannan ba mu sa su a lissafi ba, domin hujjarsu ba ta da ƙafa. Wanda ya zaɓi Musa ɗan Kudu ne, wanda aka sauke ɗan Kudu ne, kuma ragar da ake tsarewa ta kowa ce.

Mu auna maganganun

To, jama'a, mu ɗora su a ma'auni ɗaya bayan ɗaya.

Na farko suna da gaskiya a wuri guda. Ikon zaɓen kyaftin na koci ne. Musa kuma bai roƙa ba, bai ƙwata ba, ba shi aka yi. Amma cewa mai tsaron gida ba ya iya shugabanci, wannan ba haka ba ne. Dino Zoff na Italiya mai tsaron gida ne, shi ya ɗaga Kofin Duniya a 1982. Iker Casillas na Sifen ma haka, a 2010.

Na biyu su ma suna da gaskiya. Ba a kan cewa babba ba ya sauka ba, domin sarki goma zamani goma. Gaskiyarsu tana kan lokaci da hanya. Mai makoki zuciyarsa ɗanya ce. Maganar da zai haɗiye bayan wata biyu, yau ba za ta wuce masa maƙogwaro ba. Sai dai mu faɗi wannan ma: da Enyeama ya danne zuciyarsa, ya bari ƙura ta lafa, watakila da an yi masa sallamar girma irin wadda ta dace da shi.

Na uku fa? Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Mutane da yawa in sun tambayi tarihin koci a kulob, kofuna kawai suke ƙirgawa. Mu kuwa muna ganin ba kofi ne babban abin da ake samowa a kulob ba. Kocin kulob yana tare da yaransa kullum, safe da yamma, wata da watanni. Can zai koyi yadda ake ajiye gwani a benci ba tare da an yi gāba ba. Can zai gane wanda ake yi wa faɗa a gaban jama'a, da wanda sai an ja shi gefe. In ya yi kuskure yau, gobe suna tare, zai gyara. Kocin ƙasa ba shi da wannan dama. 'Yan wasansa suna warwatse a ƙasashe, sai a taru kwana kaɗan a watse. In magana ta ɓaci a daren farko, babu lokacin ɗinke ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani misali

Mu koma baya kaɗan, zuwa Kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu. Kocinmu a lokacin Stephen Keshi ne, kyaftin kuwa Joseph Yobo. Keshi ya ga akwai matasa da suka fi Yobo kuzari, sai ya ajiye shi a benci a yawancin wasannin, Enyeama ya riƙa ɗaura ƙyallen a fili. Amma bai tuɓe masa sarautar ba. Ran wasan ƙarshe da Burkina Faso, muna da 1 suna nema, saura kaɗan a tashi, sai Keshi ya sako Yobo. Da aka busa tashi, Yobo ne ya ɗaga kofin. Kun gani, aiki ya tafi ga mai ƙarfi, girma ya tsaya ga babba. Keshi shi ma bai yi suna da riƙon manyan kulob ba. Amma kafin ya zo gida ya riƙe Togo, ya kai ta ga samun gurbin Kofin Duniya na 2006, ya kuma riƙe Mali. Watau ya sha gwagwarmaya da mutane a wani wuri tukuna.

Abin mamaki, Oliseh kansa ya taɓa ɗanɗana irin wannan ɗaci. Shi ne kyaftin a Kofin Afirka na 2002 a Mali. Bayan saɓani da hukuma, aka tafi Kofin Duniya na shekarar ba da shi ba.

Yadda abin ya ƙare

A wasannin nan na Beljiyam, Kwango ta ci mu 2 da nema, mu kuma muka ci Kamaru 3 da nema. Kowane ɓangare ya ɗauki wasan da ya yi masa daɗi ya ce, "Kun gani ko?" A watan Fabrairu na 2016 Oliseh ya ajiye aiki, yana kukan rashin biyan albashi da rashin goyon baya. Bai cika wata 8 ba. Samson Siasia ya karɓa na ɗan lokaci, ya ba Mikel shugabanci, Musa kuwa ya miƙa ƙyallen ba tare da hayaniya ba. A watan Maris muka yi 1 da 1 da Masar a Kaduna, suka ci mu 1 da nema a Iskandariya, muka rasa zuwa Kofin Afirka na 2017. Ba mu ce rigimar kyaftin ce kaɗai ta jawo wannan ba. Amma gidan da ya sauya kyaftin sau biyu da koci sau biyu cikin shekara guda, da wuya ya tsaya da ƙafafunsa.

Daga baya kowa ya nuna abin da yake da shi. Oliseh ya karɓi kulob ɗin Fortuna Sittard a Holan a ƙarshen 2016, ya same shi can ƙasa a rukuni na biyu, ya ɗaga shi sama. Ashe sanin ƙwallo ba shi ne ya rasa ba. Musa ya ci Aisland ƙwallo biyu a Kofin Duniya na 2018. Da Mikel ya ajiye a 2019, ƙyallen ya dawo damtsensa, babu wanda ya ce uffan. Abin da aka yi wa rigima a 2015, haƙurin shekara 4 ya kawo shi cikin ruwan sanyi. Enyeama kuwa, ƙasa ta rasa shi tun da sauran ƙarfinsa.

Abin da za mu riƙe

Jama'a, gobe za a sauya sarkin samari a wani gari. Za a sauya shugaban gayya, ko ma'ajin ƙungiyar manoma. Kada mu tsaya kan tambayar wa ya fi cancanta kaɗai. Mu tambayi kanmu: an zauna da na da kafin a gaya wa jama'a? An duba halin da yake ciki? An bar masa abin da zai fita da shi da mutuncinsa? In mun kiyaye waɗannan, mun sami sabon shugaba ba mu rasa tsohon ba.

Mu kwana nan. A sauka lafiya.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin kyaftin, kuma wa ke zaɓensa?
2. Wace hujja kashi na biyu suka kawo?
3. Me koci ke koya a kulob ban da cin kofi?
4. Yaya Keshi ya yi da Yobo a 2013?
5. Da ku ne Oliseh, yaya za ku yi?