Injin Yankan Itace: Kafin Ku Aiko Wa Ƙannenku Da Shi

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe; dagatai da masu unguwanni; shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa; iyayenmu mata; 'ya'yanmu da ƙannenmu da kuka baro ayyukanku a Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar wannan zama, muna yi muku barka da zuwa gida.

Da kwamiti ya nemi mu yi magana, mun san ana sa ran jin batun makaranta, tunda a nan muka ƙare ƙuruciyarmu. To, sai ku yi mana afuwa. Mun zaɓi wani abu da ya shigo garin nan da kuɗinku, kuma da kyakkyawar niyyarku, wato injin yankan itace. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kananzir da gas suka ƙara yin nisa da talaka, itacen girki ya zama haja mai riba, da yawa daga cikinku kun ga cewa babu jarin da ya fi dacewa a ba wa ƙani marar aiki kamar wannan inji. Ba mu ga laifinku ba. Amma ku kuna can birni, mu ne muke jin kukansa da hantsi, mu ne kuma muke zuwa dubiya.

A bara wani tsohon ɗalibinmu, yaro mai hankali, ya karɓi inji daga yayansa ranar Laraba, ranar Asabar aka kai shi asibiti da rauni tun daga kafaɗa har gefen muƙamuƙi. Allah ya yi da sauran kwana. Da muka tambaye shi wanda ya koya masa aikin, sai ya ce ai ya ga ana yi. Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin kuwa, an ƙunshe ƙosai da ita.

Shi wannan inji ba sabon abu ba ne a duniya. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, mai aiki da fetur kuma a 1929, kuma na farkon nan sai mutum biyu suke iya ɗaukarsa. Irin haƙoran sarƙar da ake amfani da su yanzu, wani mai saran itace a Amurka, Joseph Cox, shi ya fito da su a wajajen 1947, bayan ya zauna ya lura da yadda tsutsar itace ke ɓarzar kututture da muƙamuƙanta. Mun kawo wannan ne don ku gane cewa kusan shekara ɗari ke nan masu ƙera shi suna koyon darasi daga raunukan mutane, kuma duk wani maɓalli da ke jikinsa akwai dalilin sa shi.

Kuskuren farko a kasuwa ake yin sa. Wanda ya tashi yi wa ɗan'uwansa alheri yana so a ga ya yi bajinta, sai ya nemi mafi girma. Babban injin nan da aka fi sani a ƙasar nan, Stihl 070, ƙarfinsa ya haura cc 100, nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗora masa sarƙa ba. Inji ne nagari, amma na masu kayar da manyan itatuwan kurmi ne da masu tsaga katako. Mai yanka rassan darbejiya gunduwa-gunduwa ba ya bukatarsa. Zai gajiyar da shi kafin azahar, kuma a hannun gajiyayye ake samun haɗari. Abin da ya dace da aikin itacen girki shi ne mai cc 40 zuwa 50, mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, wanda za mu kira takobi don sauƙin bayani, inci 16 zuwa 18 ya wadatar. Kada ku sayi injin da ba shi da birkin sarƙa, wato marikin nan da ke gaban hannun hagu, komai arahar sa. Sannan kafin ku biya, ku tambayi kanku: in sarƙa ta tsinke ko fulogi ya mutu, a ina za a samo wani, kuma wane bakanike ne a kusa da mu ya san cikinsa? Jabu sun cika kasuwa, da launi da suna irin na asali. Araha ba ta ado. Ku je wurin dillalin da zai ba ku rasit mai ɗauke da lambar injin.

Sai batun mai, wanda a nan ne yawancin injinan garin nan suka mutu. Cikinsa irin na ƙaramin janareta ne da ake gauraya wa mai da fetur. Ba shi da wata ma'ajiyar baƙin mai, don haka man da aka zuba cikin fetur shi kaɗai ne ke hana fistin cin bangon silinda. Sababbin injina na kirki suna son kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5, da man da aka rubuta 2T a jikinsa. Wasu tsofaffin samfura da wasu masu araha suna son 1 cikin 25. Takardar injin ce za ta faɗa, kuma da ma'auni ake yi, ba da ido ba. In mai ya yi kaɗan, inji ya kama cikin mintuna. In ya yi yawa, ya yi ta hayaƙi, fulogi ya toshe. A gauraya a jarka mai tsabta, a girgiza, kuma kada a haɗa abin da zai wuce wata guda a ajiye, domin gaurayayyen fetur yana lalacewa. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya, wanda ba a san abin da aka tsarma masa ba, mun bar ku da lissafin ribarsa da asararsa.

Akwai tanki na biyu, na man da ke jiƙa sarƙa. Duk lokacin da aka cika na fetur, a cika shi. Mun ga samari suna ɗura masa baƙin man da aka juye daga mota. Wannan mai cike yake da ɓarɓashin ƙarfe, yana cinye famfon da takobin, ga shi yana fantsama a fatar mutum da ƙasar gona. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a nuna bakin takobi ga wani kututture ba tare da an taɓa shi ba, a ba da wuta kaɗan, in an ga ɗigon mai ya zana layi, to yana tafiya.

Yanzu ku ba mu aron hankalinku, domin abin da ya sami ɗalibinmu ke nan. Sarƙar nan tana gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa guda. Idan ɓangaren sama na ƙarshen takobi ya taɓa wani reshe, ko itace ya matse shi, haƙori ba ya yanka, sai ya cije, duk ƙarfin injin ya koma ya wurgo takobin sama, ya nufo fuska da wuyan mai riƙe da shi. Kafin ƙiftawar ido an gama. Babu zafin naman da ke tare shi. Birkin da muka ambata don wannan aka yi shi. Saboda haka ba a yanka da bakin takobi. Hannu biyu ake riƙewa, hagu a gaba da babban yatsa a zagaye da mariƙi, dama a baya, ko da mutum bahago ne, domin haka aka gina injin. Mutum ya tsaya ɗan gefe, kada fuskarsa ta yi saiti da layin yanka. Ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a hawa bishiya ko tsani da shi. In reshe na sama ake so, a hau da adda ko gatari kamar yadda iyayenmu suka yi, a sauko da shi, inji ya yi aikinsa a ƙasa. Wajen tayarwa, a ajiye shi a ƙasa, a sa birki, a taka mariƙin baya da ƙafa sannan a ja igiya, kuma a matsa aƙalla mita 3 daga inda aka zuba fetur.

Tufafinmu ma abin dubawa ne. Riga mai faɗin hannu, da rawani, da silifas, ba su da wuri a wannan aiki. Wanda ya iya sayen inji, ya haɗa da takalmi mai ƙarfe a baki, da safar hannu, da tabarau, da hular kwano, da abin toshe kunne, domin ƙarar injin ta haura desibel 100, kuma kurumtar da take jawowa a hankali take zuwa, ba ta kuma warkewa. Akwai wando na musamman mai zaruruwa a ciki waɗanda ke cusa kansu cikin injin su tsayar da sarƙa in ta taɓa ƙafa. Yana da tsada, yana da zafi a bazara, amma ku tambayi kuɗin ɗinkin cinya. Kada mutum ya tafi daji shi kaɗai, kada kuma yara su kewaye shi suna kallo kamar yadda muke gani. In za a kayar da busasshiyar bishiya, kowa ya ja baya ninki biyu na tsawonta. In tsautsayi ya faɗa, a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, a nufi asibiti. Ba a zuba ƙasa ko toka.

Kula da shi ba wuya, naci yake so. Ƙasarmu ta yashi ce, kuma yashi shi ne babban abokin gabar sarƙa. Busasshen icen da gara ta yi wa ɗaki, in ba a kankare ƙasar ba, yanka biyu ya isa ya dakusar da haƙora. Haka in takobi ya caki ƙasa sau ɗaya. Ɗiddigar itacen ita ke ba da labari: sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar na tuwo, sai ka ga mutum yana danna inji da ƙarfin tsiya, fetur na ƙonewa a banza. A wasa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta, a karkace kamar digiri 30, daga ciki zuwa waje, kowane haƙori shafa iri ɗaya. Wasawa kaɗan a kowane cikon tanki ta fi wasawa mai yawa sau ɗaya a mako. Ɗaurin sarƙa kuma, kada ta yi lilo a ƙasan takobi, amma a iya jan ta da hannu cikin safa idan inji yana kashe. Matatar iska a wanke ta kullum a lokacin hunturu. A riƙa juya takobi don ya ci daidai, a share kwarminsa. In za a ajiye inji ya daɗe, kamar lokacin aikin damina, a juye fetur, a bar shi ya yi aiki har ya mutu da kansa, don kada kafireto ya daskare.

Ranka ya daɗe, saura maganar da ta fi damun mu. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984, muka kuma fita da ɗalibai da bokitai muna ban ruwan darbejiyar da ke inuwantar da hanyar kasuwa a yau, mun san abin da bishiya ke ci kafin ta zama bishiya. Kaɗanya takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Da gatari, mutum yakan wuni a gindinta, ya gaji, ya yi tunani, wani dattijo ya wuce ya tsawata masa. Da inji, kafin labari ya iso gari ta riga ta zama gunduwa a bayan mota. Man kaɗe da daddawar da iyayenmu mata ke sayarwa su biya kuɗin makaranta, daga kaɗanya da ɗorawa suke fitowa. Gawo kuma, da yake zubar da ganye da damina, shi ne takin gonar wanda ba shi da kuɗin taki. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Ba zai yi kyau a ce ana dasawa a can, mu muna aiko da abin kayarwa a nan ba.

Ba mu ce a daina girki ba. Maƙwabtanmu na yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, sun koma barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓar biyu ko uku masu ƙarfi suna sassabe sauran, har gonakin da aka farfaɗo da su ta wannan hanya a Nijar suka kai kimanin hekta miliyan 5, kuma daga rassan da ake ragewa suke samun itacen girki. Darbejiya da turare suna sake toho in an rage su da kyau. Ga busassun itatuwa, ga waɗanda iska ke kayarwa a farkon damina. Wannan ya ishi injin da ke da mai hankali a bayansa. Ɗanyen itace ma kusan rabinsa ruwa ne, sai an faskara an shanya kafin ya ci wuta ba tare da ya cika wa mata ido da hayaƙi ba.

Don haka muna roƙon kwamiti, kafin a watse, ya duba abu uku. A rubuta sunan duk mai inji a garin nan a wurin mai unguwarsa. A ware wani abu daga asusun ƙungiya a gayyato gwanin aikin, tare da malamin daji na ƙaramar hukuma, su yi wa samarinmu horo na kwana biyu bayan girbi, a bayyana musu yadda ake neman izinin sara. Sannan mai girma Hakimi ya sa baki a hana taɓa ɗanyar kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da gawo da inji, ko a gonar wa suke. Mu a namu ɓangaren, mun ɗauki nauyin mayar da takardar bayanin injin zuwa Hausa, in wani daga cikinku ya aiko mana da kwafi wanda bai sha mai ba.