Injin da Ke Cijewa Idan an Ɗora Masa Kaya



Zariya ba garin jiragen ruwa ba ne. Kubanni da Galma ba su kai su ɗauki irin manyan kwale-kwalen da ke zirga-zirga a Yauri da tafkin Kainji ba. Amma ƙaramin janaretan nan na shagunan aski, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ɗan'uwa ne ga injin Yamaha mai doki 40 da ake ratayawa a bayan kwale-kwale. Cutarsu ma ɗaya ce: a tayar da inji ya yi ta kuka lafiya lau, da an ɗora kaya an ba shi wuta sai ya cije.

Zafi ne sanadi. Fistan na alminiyam ne, rigar silinda kuwa ta ƙarfe, kuma alminiyam yana kumbura kusan ninki biyu na ƙarfe. Inji na silo, zafin kaɗan ne. Da lodi ya hau, sai fistan ya cika ramin, ya goge ɗan man da ke tsakani, ya maƙale. Idan ya huce yakan sake tashi, shi ya sa mai jirgi ke zaton abin ya wuce, alhali bangon silinda ya riga ya karce.

Bakanike nagari da ruwa yake farawa. Akwai 'yar farfelar roba a ƙafar injin da ke tura ruwan sanyaya, kuma yashi da leda suna cinye ta. Siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan inji shi ne shaida. Idan ya raunana, a kashe nan take.

Sai baƙin mai. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a tankin lita 25. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aljihu ya yi zafi, kuma baƙin mai ne abu mafi sauƙin ragewa, don ido ba ya ganin bambanci. Wannan tsimi abin tsoro ne, domin janareta in ya cije duhu kawai za a sha, shi kuwa jirgi a tsakiyar kogin Neja mata da yara ne a ciki, ga igiyar ruwa tana jan sa.

Abu na uku da ake dubawa ya fi ɓuya. Datti a kafireto yana rage fetur, iska ta yi yawa, wutar ta ƙara zafi daidai lokacin da ake neman ƙarfi. Filogi ne ke tona asiri: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce, fari fat kuwa inji na ƙuna.

Kuskuren da aka fi yi a gareji shi ne a canja fistan da zobba, a ji inji ya tashi, a miƙa wa mai shi. Gwajin da ya dace sai an mayar da injin ruwa, da lodinsa, an ba shi wuta sosai, sannan a kwance filogi a sake duba launinsa.