Daga Akwatin Masu Sauraro: Mece Ce Ma'anar "Holler"?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Dawanau. Ya ce wani Ba'amurke da suke cinikin riɗi ya aiko masa da saƙo, a ƙarshe ya rubuta "give me a holler". Yaron shagonsa ya duba ƙamus ya ce masa ai ihu ake nufi. Shi ne yake tambaya, ko mutumin faɗa yake nema?

To Alhaji, kwantar da hankalinka, cinikinka bai ɓaci ba. Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya kawo maka. Cewa kawai mutumin yake yi, in ka shirya ka neme ni, ko ta waya ko ta saƙo. Hasali ma alama ce ta ya sake da kai.

Ita wannan kalma Turancin Amurka ce, ana furta ta kamar "hola". Asalin ma'anarta ƙwala kira, irin wanda manomi kan yi wa ɗan'uwansa da ke can ƙarshen gona. A ƙauyukansu, kafin zuwan tarho, da irin wannan kira maƙwabta ke gaisawa da asuba, ko su nemi agaji. Har gasarsa aka riƙa yi a ƙauyen Spivey's Corner na jihar North Carolina daga 1969 zuwa 2016. Haka kuma bayi baƙar fata da ke aikin auduga a kudancin ƙasar suna da wata waƙar aiki mai jan murya da ake kira "field holler", wadda tana cikin tushen kiɗan nan na blues.

Sai dai a lura. In aka ce "he hollered at me", galibi tsawa ce, wato ya daka mini tsawa. Nan kam akwai ɓacin rai.

Ku kuma 'yan makaranta, ina magana ne a matsayin wanda ya taɓa riƙe alli: kada ku sa ta a jarrabawa ko takardar neman aiki. Maganar hira ce. Ku rubuta "shout" ko "call". Alhaji, kai dai buga masa waya gobe ka faɗa masa farashin buhu.